Babi na Shida: Santi a Gaɓar Mosel

A gidanmu, idan yaro yana cin abinci ya saki baki ya yi maganar da ba a tambaye shi ba, sai 'yan'uwansa su kwashe da dariya su ce santi ya kama shi. Babba ma yana kiyayewa. Ko miyar ta kai miya, sai ya daure ya gama, ya wanke hannu, sannan ya yaba wa mai girki. To akwai mutanen da suka mayar da santi al'ada, har wasu suke cin abinci da shi, kuma na zauna a tsakiyarsu wata Asabar ta watan Oktoba, a wani ƙauye da ke gaɓar kogin Mosel a yammacin Jamus.

Maƙwabcina na Bonn ne ya ja ni. Dattijo ne da ya yi ritaya, kuma da bakinsa yake cewa shi ba masanin giyar inabi ba ne. Kofi ɗaya yake sha da abincin dare, biyu ranar da ya yi baƙi, bai taɓa sayen littafi a kanta ba. Tun a ƙofar gida na gaya masa ni ba na sha, addinina ya hana. Bai ja maganar ba. Ya ce manomin da za mu je wurinsa yana matse ruwan inabi zalla daga inabin da yake yin giyar da shi, ba wanda zai tashi da ƙishirwa. Na san akwai malaman da ko zama a irin wannan teburi ba su yarda da shi ba, kuma ban zo yin jayayya da su ba. Abin da ya kai ni shi ne son in gane mutanen da nake zaune cikinsu, domin a wannan yanki na Jamus, wanda bai san inabi ba rabin hirar gari ta wuce shi.

Daga Bonn muka shiga jirgin ƙasa zuwa Koblenz, inda Mosel ke zuba cikin Rhine bayan ya taso daga Faransa ya gogi iyakar Luksambok. Nan muka canja jirgi muka bi kogin. Bayan garin Cochem jirgin ya shige wani rami mai tsawon fiye da kilomita 4, da ya fito sai ga mu a Ediger-Eller, ga kuma Calmont a tsaye a kanmu. Na daɗe ina jin ana cewa tana cikin gonakin inabi mafi gangara a Turai, a wasu wuraren har digiri 65. Gani ya kori ji. Bango ne aka yi wa shuka. Kowace kuranga an ɗaure ta da nata turke, ƙasa kuwa babu ita, sai ɓaraguzan wani baƙin dutse mai ɓantarewa fale-fale, irin wanda suke rufin gidaje da shi, suna kiransa Schiefer. Masu tsinkar inabi suna can sama kamar awaki a kan dutse, wata 'yar mota mai bin ƙarfe guda ɗaya tana hawa tana sauko da akwatuna.

Tambayar da kowane baƙo yake yi ita na yi: ga fili shimfiɗe a ƙasar nan, me ya kai mutum noma a inda zamewa ɗaya za ta kai shi kogi? Amsar tana sama. Wannan yanki yana kan layi na 50 arewa da tsakiyar duniya, kusa da iyakar inda inabi zai iya nuna. Rana a nan ba ta tsayawa a tsakar ka yadda muka saba, a karkace take zuwa. Gangaren da ya fuskanci kudu shi ke tarbar haskenta gaba da gaba. Baƙin dutsen yana shan zafi da rana ya riƙa sakinsa da dare, kogin kuma yana rage kaifin sanyi. Mu da muke neman inuwa, su rana suke wa tarko. Tun zamanin Romawa ake wannan fama. A garin Neumagen an tono wani dutsen kabari da aka sassaƙa da siffar jirgin ruwa maƙare da gangunan giya, yana nan a gidan tarihi na Trier. Sanyin nan ne kuma ya sa wajen kashi biyu cikin uku na gonakin inabin Jamus, waɗanda suka ɗan haura hekta 100,000 a yankuna 13, farin inabi ne. Ja ya fi son zafi.

Sarkin fararen shi ne Riesling. Yana da kusan kwata na dukkan gonakin ƙasar, a Mosel kuwa ya haura rabi. Takarda mafi tsufa da aka fi kafa hujja da ita kan sunansa ta 13 ga Maris 1435 ce, cikin lissafin kashe kuɗi na wani basarake a Rüsselsheim, garin da a yau aka fi sani da motar Opel. Akwai wasu: Silvaner na yankin Franken mai zuwa a kwalba mai faɗi kamar buta, Müller-Thurgau da wani masani ya haɗa a 1882, Grauburgunder da matasa suka raja'a a kansa. Dattijo ya kawar da su duka da bayan hannu. A nan, in ji shi, in ka ce giya ba ka ƙara komai ba, Riesling za a kawo.

Wurin da muka shiga tsakar gidan manomi ne, ba gidan abinci ba. An rataye wani kambun ganye a ƙofa, alamar an buɗe. Doka ta yarda manomin inabi ya riƙa sayar da giyar gonarsa a gidansa har tsawon watanni 4 a shekara, da ɗan abinci mai sauƙi, ba sai ya yanki lasisin mashaya ba. Straußwirtschaft ake kiransa, a kudancin ƙasar kuma tsintsiya suke ratayewa. Dogayen benci ne, ka zauna inda ka sami wuri, kusa da wanda ba ka taɓa gani ba. Bajamushen da zai yi shekara yana haɗuwa da kai a matakala bai wuce gaisuwa ba, a nan sai ka ga ya matsa maka har yana tambayar daga ina. Abincin lokacin wani gasasshen burodi ne da aka lulluɓe da albasa da kirim. Ƙamshinsa ya kusa yaudarata, sai matar gidan ta ce akwai gutsattsarin naman alade a ciki, ta kawo mini burodi da cuku.

Aka ajiye wa Dattijo kofinsa, aka ajiye mini nawa. Kusan launinsu ɗaya, domin abin da ake kira farar giya ruwan ɗorawa ne mai sirkin kore. Ya ɗaga kofin ta ƙafarsa don kada zafin hannu ya ɗumama shi, ya dubi haske ta cikinsa, ya kaɗa shi sau biyu, ya tura hanci. Sannan ya kurɓi kaɗan ya riƙe a baki. Sai santi ya fara.

"Ɗanyar tuffa," in ji shi. "Ɓawon lemun tsami. Da dutse, jiƙaƙƙen dutse."

Wata mata da ke gefensa ta ce ita zuma take ji. Mijinta ya ce babu wata zuma. Aka yi ta yi, ba wanda ya ji kunya. Dattijo ya miƙo mini kofin ya ce in shinshina kawai. Tuffar ban tabbatar ba, amma dutsen na gane shi, domin ya yi kama da ƙamshin da ke tashi in ruwan farko ya sauka kan busasshiyar ƙasa. Daga baya manomin ya buɗe wata tsohuwar kwalba da ta haura shekara goma, aka zagaya da ita. Wannan kam ba sai an gaya mini ba: kananzir. Na ɗauka ta lalace. Ashe haka tsohon Riesling yake yi, wani sinadari da ake taƙaita sunansa da TDN ne ke taruwa a cikinsa da tsufa, musamman in inabin ya sha rana sosai. Wasu suna biyan kuɗi mai yawa don wannan warin. Dattijo ya ture kofin ya ce shi tashar mai ba wurin cin abinci ba ce.

Nan na fara gane bambancinsa da masana. Masani yana son ya faɗi gona da shekara da ido a rufe. Shi tambaya ɗaya yake yi wa kowane kofi, kuma da na kurɓi nawa na gane tambayar, domin tana cikin ruwan inabin ma tun kafin ya zama giya. Zaƙi ne ya fara zuwa, mai yawa, har na ce zai gundure ni. Kafin in haɗiye sai tsami ya biyo shi ya yanke shi, bakina ya koma wasai yana neman ƙari. Duk wanda ya taɓa dama kunun tsamiya ya san wannan kokawa. Sukari ya yi yawa, kunu ya zama na yara. Tsamiya ta yi yawa, haƙora su mutu. Akwai wani ɗan tsakani da mai hannu take samu ba tare da awo ba, inda kowanne ke riƙe da ɗan'uwansa. Riesling na ƙasar sanyi inabi ne da yake nuna a hankali, yana tara sukari bai zubar da tsaminsa ba, shi ya sa yake da abin yin wannan kokawar. Abin da Dattijo yake nema a kofi ke nan: wa ya kayar da wa, ko kuwa an yi canjaras.

Yadda zaƙi ke saura a giya ba shi da wuyar fahimta. Yis yana cinye sukarin da ke ruwan inabi ya mayar da shi barasa da iska. In aka bar shi ya cinye kusan duka, giyar ta fito babu zaƙi, sai a rubuta trocken a jikin kwalba, wato busasshiya. Doka ta ce kada sukarinta ya wuce gram 9 a lita, shi ma sai in tsaminta ya kusa kamo shi. Halbtrocken, rabin bushewa, tana iya kaiwa gram 18. Akwai feinherb, kalmar da manoman Mosel suke so ƙwarai saboda doka ba ta yanka mata iyaka ba. Don kwatance, lemon kwalba irin Coca-Cola yana da sukari fiye da gram 100 a lita. In kuwa manomi ya tsayar da yis a tsakiyar aiki, ya sanyaya gangar ya tace, sai sukari ya saura, barasa ta yi ƙasa. Shi ya sa mai zaƙin ta fi rauni: wata kashi 8 cikin ɗari kawai take da shi, busasshiyar kuwa 12 ko fiye. Baƙo yakan ɗauka akasin haka.

Inda Jamusawa suka ɗaure wa duniya kai shi ne sauran rubutun kwalbar. Suna da matakala ta daraja wadda ba ɗanɗanon giyar take aunawa ba, nunar inabin take aunawa a ranar da aka tsinke shi. Ma'aunin sunan Ferdinand Oechsle yake ɗauke da shi, wani maƙerin zinariya na garin Pforzheim. Lita ɗaya ta ruwa gram 1,000 ce. In lita ɗaya ta ruwan inabi ta yi gram 1,080, an ce tana da Oechsle 80. Matakin farko Kabinett, sai Spätlese, tsinkar baya, sai Auslese, zaɓaɓɓun nonna, sai Beerenauslese da Trockenbeerenauslese, inda ake tsintar ƙwaya ɗaya-ɗaya da ta yanƙwane ta zama kamar zabibi, awon ta ƙarshen 150 zuwa sama. Tun da nunar inabi ake aunawa, ana iya samun Spätlese mai zaƙi, a sami wata kuma trocken. Na ga baƙi suna juya kwalba a kanti kamar masu karanta takardar kotu.

Tsinkar baya tana da labarinta, kuma a yankin Rheingau kowa ya iya ba da shi. Gonar Johannisberg mallakar bishop-basaraken Fulda ce a da, ba a fara tsinka sai ɗan aike ya kai masa samfurin inabi ya dawo da izini. A 1775 ɗan aiken ya makara. Dalilin makarar kowa da nasa, wasu su ce 'yan fashi, wasu su ce wata budurwa. Kafin ya iso fumfuna ta lulluɓe inabin, ya yanƙwane. Aka tsinka aka matse don kada a yi asarar duka, sai giyar ta fito da zaƙin da ba a taɓa ji ba. Wani jinkirin alheri ne. Fumfunar tana huda fatar inabin ruwa ya tsane, sukari da tsami su taru wuri guda. Mutum-mutumin mahayin yana nan a harabar fadar Johannisberg. Akwai kuma Eiswein, wanda ake barin inabinsa a gona har sanyi ya kai digiri 7 ƙasa da sifili, a tsinka da asuba a matse shi yana ƙanƙare. Manomin ya ce ya daina barin inabi don wannan caca, hunturun yanzu ba ya cika alkawari. A kakar 2019 kusan babu wanda ya samu a duk ƙasar.

Ra'ayina shi ne wannan matakala ta fi yi wa ma'aikacin gwamnati amfani a kan mai saye. Dokar 1971 da ta kafa ta ta rage sunayen gonaki daga wajen 30,000 zuwa ƙasa da 3,000, ta kuma ƙirƙiro manyan yankuna masu suna kamar na gona guda, har giyar fili ta riƙa sa rigar giyar gangare. Wanda ya sha wuya a kan dutse da wanda ya bi gonarsa da tarakta suka zama ɗaya a idon takarda, in dai sukarin inabinsu ya kai awo. A shekarun 1970 da 1980 kuma aka cika kantunan Ingila da Amurka da Liebfraumilch, wata araha mai zaƙi da ta ari sunanta daga wani coci a Worms, har duniya ta ɗauka duk giyar Jamus ruwan sukari ce. Su kansu Jamusawa ba su cika shanta ba. Martaninsu shi ne guje wa zaƙi gaba ɗaya, har trocken ta zama kalmar da mutum ke faɗa don a san ya waye. A 2021 aka gyara dokar don a mayar da nauyi kan inda inabin ya fito. Dattijo bai san da gyaran ba, kuma bai rasa komai ba. Shi Kabinett mai ɗan zaƙi yake so, yana kuma faɗa a gaban kowa.

Yawancin Jamusawa irinsa ne, ba masana ba. Kowane mutum ɗaya, in aka raba, yana shan wajen lita 20 a shekara, kuma mafi yawanta a manyan kantuna ake saye, kwalbar da ba ta kai Yuro 5 ba. Da bazara sukan tsinka ta da ruwan soda su kira ta Schorle, abin da masani zai gani ya dafe kai. A yankin Pfalz a kofi mai rabin lita ake zuba wannan, mai lotse-lotse a jiki don kada ya suɓuce daga hannu mai maiƙo, kuma a da kofi ɗaya ne yake zagaya teburi. A Bad Dürkheim ake bikin giyar inabi mafi girma a duniya kowane Satumba, dubban ɗaruruwan mutane suke zuwa, sunansa kuwa Wurstmarkt, kasuwar tsiran nama. Ba duka ne abin sha'awa ba. Ɗan shekara 16 doka ta yarda ya sayi giyar inabi, kuma wanda ya shiga jirgin ƙarshe daga irin wannan biki ya ga inda santi yake ƙarewa. Dattijo don haka ya bar motarsa a gida, ko da yake kofi biyu ya sha da rabin na uku.

Ni ma an tsinka mini nawa da ruwan soda a zagaye na biyu, ya fi daɗi, domin ruwan inabi zalla sukarinsa ya fi na lemon kwalba. Matar gidan ta ba ni shawarar in gwada giyar da aka cire wa barasa. Fasahar a gaɓar Rhine aka ƙirƙiro ta tun farkon ƙarni na 20, wani Carl Jung ne ya gano cewa in aka zuƙe iskar tukunya barasa tana tashi da ɗan ɗumi kaɗan, ba sai an dafa giyar ƙamshinta ya mutu ba. Na gode mata na ce a'a. Dokarsu ta yarda a kira abu marar barasa ko da akwai saura har rabin kashi ɗaya cikin ɗari, kuma asalinsa dai giya ne. Mai son kauce wa shubuha ya nemi kalmar Traubensaft a jikin kwalba. Ya kuma yi hattara da abin da ake sayarwa a bakin hanya a wannan lokaci na kaka, mai fari-fari kamar kunun zaƙi, Federweißer. Ruwan inabi ne da yis ke tsakiyar aiki a cikinsa. A baki kamar lemo yake, amma barasarsa ta kai wajen kashi 4 tun ranar saye, kullum kuma ƙaruwa take.

Da za mu tashi aka ɗaga kofuna, nawa a ciki, aka ce "Zum Wohl", wato don lafiya, kowa yana duban idon ɗan'uwansa, domin kawar da kai a wannan lokaci rashin ladabi ne. Na sayi kwalba shida na ruwan Riesling, dogaye sirara, na jera su kwance a jaka. Dattijo ya sayi Federweißer ɗaya don matarsa. Irin wannan kwalba ba a kwantar da ita, domin ba a toshe bakinta gam, in aka toshe iskar da ke tashi za ta fasa kwalbar. Haka ya riƙe ta a tsaye tsakanin gwiwoyinsa tun daga Ediger-Eller. Da jirgi ya shiga ramin nan ya yi gyangyaɗi, kwalbar ta karkata, ta yi masa tsartuwa a wando. Ya farka ya daidaita ta, ya shinshina yatsunsa, ya ce gobe za ta fi haka tsami.